Wutar Jego a Ulaisha

Saboda murhu na kama hayar wurin, ko da yake a lokacin na ce wa mutane don kusa da masallaci ne. Wani tsohon gida ne a Ulaisha, masu shi sun tashi sun koma arewacin Riyadh, suka yayyanka shi suka zuba 'yan haya. Ni na sami sashen da ke tsakar gida, falo da ƙuryar ɗaki da ɗan kicin da mutum biyu ba sa iya juyawa a ciki. A bangon falon akwai murhu na jan bulo, inda maigidan kan zauna da baƙinsa lokacin sanyi ana dafa gahawa. Bakinsa ya yi baƙi ƙirin, bututun hayaƙinsa kuma an daɗe da toshe shi da siminti saboda tattabaru.

Ina ganinsa gabana ya faɗi, irin faɗuwar gaban farin ciki. Ni mutum ne da littattafan soyayya suka raina. Tun ina sakandare nake karɓo hayarsu a bakin kasuwa, in cusa a tsakiyar littafin makaranta ina karantawa malami na bayani. A cikinsu, duk wanda ya fita ƙasar waje da amaryarsa sai an kai su wani falo mai murhu, wuta na ci, ita ta jingina da kafaɗarsa tana kiransa da suna mai taushi. Marubutan ba su taɓa faɗin inda hayaƙin yake bi ba. Ni ma ban tambaya ba sai da abin ya zama hanyar cin abincina.

A wani kamfani nake aiki a Birnin Masana'antu na Biyu, muna girka kayan gas a gidajen masu hali da gidajen hutunsu na bayan gari. A shekarun nan wata irin wutar ɗumama ɗaki ta shigo yayi. Gumagumai ne na yumɓu da aka yi wa siffar itace, har da ɓawo da tsagewa, a jera su a cikin murhu a kan bututun gas, wuta ta riƙa tashi a tsakaninsu. Ba ta buƙatar hanyar fitar hayaƙi, shi ya sa ake sonta. Amma iskar ɗakin take sha, kamar yadda mutum yake sha. Don haka aka yi mata wata 'yar mitsitsiyar wuta a gefe mai gadi: da zarar iska mai kyau ta yi ƙaranci a ɗakin, sai ta mutu, ta datse gas ɗin gaba ɗaya.

Wani Balarabe ya canza tasa da babba, ya ce in ɗauki tsohuwar in na so. Ranar wata Juma'a muka girka ta ni da abokin aikina, wani Badamagare da ya riga ni zuwa ƙasar. Tsakaninmu wasa ne, kamar yadda yake tsakanin kakanninmu.

"Bakano," ya ce yana kallon murhun, "mu mun zo neman abinci, kai ka zo neman wurin zama da gimbiya. Allah Ya shirye ku."

"Riƙe bututun nan, bawa, ka bar surutu."

Amma da aka zo kan aikin babu wasa. Muka kankare tsohon toka da baƙin da ya daskare. Tukunyar gas muka ajiye ta a waje cikin inuwa, muka huda bango muka shigo da bututun ƙarfe. Kowace mahaɗa sai da muka shafa mata ruwan sabulu muka tsaya muna kallo ko za ta yi kumfa. Gumaguman muka jera su kowanne a kan ƙusarsa, yadda masu ƙera su suka tsara, domin in ɗaya ya goce harshen wuta ya riƙa lasarsa, sai ta fara fitar da gubar da ba a gani, ba a kuma jin warinta. Labulen da ke kusa na cire shi. A bango na kafa wata 'yar farar na'ura mai batir, wadda ke ihu in gubar ta taru. Tagar falon kuma na sa mata ɗan katako a ƙasa, yadda ba za ta rufu ruf ba, kullum da 'yar kafa kamar faɗin yatsu.

Da muka kunna, gindin wutar ya fito shuɗi, samanta ruwan zuma. Badamagare ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, ba da wasa ba, "Ta falo ce fa. Ba a kwana da ita."

"Ni za ka gaya wa?"

"Kai zan gaya wa mana. Wanda ya sani shi ya fi saurin mantawa in mace ta ce tana jin sanyi."

Matata tana da tsohon ciki a lokacin, na fari. Mahaifiyarta ta so ta dawo gida ta haihu a gabanta, ta yi wankan jego a can kamar kowace 'ya. Ni na hana, ba da ƙarfi ba, da daɗin baki. Na ce mata asibitin nan ya fi, na ce ba zan iya numfashi ba in ta yi nisa, kalmomin da na haddace tun ina yaro. Ta yi dariya ta ce, "Kai dai da littattafan nan naka." Amma ta zauna.

Mun sami yammacin da nake mafarki, ba zan ce ba mu samu ba. Bayan magariba na kunna wutar, na shimfiɗa darduma, na dafa shayi. Ta zauna da ƙyar tana dafe da ƙugu, ta dubi gumaguman ta ce, "Wannan wace irin wuta ce, itace ba ya cinyewa? Ko masara ba a gasawa?"

"Ba a ɗora mata komai."

"Ko turare?"

"Musamman turare."

"To ta ado ce kenan, irin ta maigidanta." Ta jingina da kafaɗata duk da haka. Ba ta kira ni da suna mai taushi ba, Malam take ce mini har yau, amma na ji nauyin kanta, na ce a raina littattafan ba su yi ƙarya ba.

Ta haihu a tsakiyar sanyi, mace. Wanda bai yi sanyin Riyadh ba yana zaton ƙasar zafi ce kawai. Sanyi ne busasshe mai shiga ƙashi, gidajen kuma an gina su ne don korar zafi, bango da tayil duk ƙanƙara.

Matata tana da goggo a unguwar Al-Shumaisi, ƙanwar mahaifinta, wadda ta zo aikin hajji tun matata ba ta yi wayo ba ta zauna. Ita ta zo zaman jego. Ta sauka daga tasi da buhu biyu: kanwa, yaji, busasshen ganyen darbejiya da wani ya kawo mata daga gida, babbar tukunya, da kaskon turaren wuta. Na durƙusa na gaishe ta. Ta zagaya sashen, ta taɓa bangon ƙuryar ɗakin, ta janye hannu.

"A nan za a kwantar da mai jego? A cikin wannan randar?"

Kafin la'asar ta jawo katifa zuwa falo, gaban murhu. Ni kuma, kamar yadda aka saba, na tattara 'yan kayana na koma ɗakin Badamagare. Gidana ya zama na mata. Sai in zo da safe kafin mota ta ɗauke mu, in zo da yamma, in yi sallama daga bakin ƙofa, in tsuguna, a miƙo mini jaririyar in riƙe ta kaɗan in mayar.

A zuwana na biyu na ga an cire ɗan katakon taga. An rufe ta, an cusa tsumma a kowace kafa, har ƙarƙashin ƙofa an nannaɗe tsohon zani an toshe. Falon ya ɗauki zafi da tururin ruwan wanka, gilashin taga na zubar da gumi.

"Goggo," na ce, idona a ƙasa, "wai da ma tagar nan, in an ɗan bar mata kafa…"

"Kafa? A kan ɗanyen jiki?"

"Wutar ce take son iska."

"Ita wutar ta haihu?"

Matata ta sunkuyar da kai tana ɓoye murmushi. Wanda ya tashi inda na tashi ya san ba a jayayya da suruka. Ko sunanta ba ka faɗa, ko abinci ba ka ci a gabanta, balle ka ce mata ba ta san abin da take yi ba a kan abin da ta yi wa mata da yawa kafin a san za a haife ka.

Sai wutar ta fara mutuwa. Ta ci na ɗan lokaci, 'yar mai gadin ta ji iska ta ragu, ta datse. Goggo ta koyi kunnawa, ta kunna, ta sake mutuwa. Da yamma ta tare ni da zancen.

"Wutar nan taka mai zuciya ce. Ana cikin jin daɗinta sai ta yi fushi."

"Ba lalacewa ta yi ba, Goggo. Faɗa take yi iskar ɗakin ta ƙare."

"Ga mu muna numfashi, wace iska ce ta ƙare? Ka kira abokin nan naka ya gyara, tunda kai ta gagare ka."

Ta kuwa tare shi da kanta ranar da ya rako ni barka. Ta ce an gaya mata akwai wata 'yar waya da ake ɗaurewa wutar ta daina mutuwa. Badamagare, mai bakin da ba ya mutuwa, ya ajiye wasa. Ya ce, "Hajiya, wannan hannuna ba zai yi ba." A hanya ya ce mini, "Ka yi magana, Bakano. Kunya ba ta tashin matacce."

Na yi ta waya, ta bayan fage, kamar yadda muke yi. Na kira matata na ce ta riƙa zare tsumman in Goggo ta shiga wanka.

"Na zare jiya, ta gani. Ta ce in ina so in bi yayarta ne to."

"Wace yayarta?"

"Ka tambaye ta. Ni ba zan iya da ku biyu ba, Malam. Jikina ciwo yake."

Ban tambaya ba, Goggo da kanta ta gaya mini, wata safiya tana dama kunun kanwa, ba ta ko dube ni ba. Suna da babbar ya da ta haihu a wani gari inda miji ke aiki, babu kowa nata a kusa. Ba a gasa ta ba, ba a yi mata wanka yadda ya kamata ba. Sanyi ya shige ta, ta kumbura, kafin arba'in aka binne ta. Goggo ce ta goyi jaririn.

"Na ga abin da sanyi yake yi da idona," ta ce. "Kai me ka gani? Iskar da ba a gani?"

Gaskiyarta ce, ban taɓa gani ba. A wurin aiki aka gaya mana, na kuma yarda. Ita kuwa gawa ta wanke.

Kwanakin nan ban san daɗin komai ba. Ina gidajen mutane ina shafa ruwan sabulu a bututunsu, ina ce wa matan gida ta bakin direbobinsu kada a rufe taga ruf, alhali tawa tagar na toshe. Abin da ya riƙe ni shi ne na san 'yar mai gadin tana nan. Duk yadda aka toshe ɗakin, za ta mutu kafin a kai ga halaka. Da wannan nake lallashin kaina, da kuma farar na'urar da ke bango.

Wata safiya na duba bangon na ga ƙusa kawai.

"Abin nan ya yi ta tsala ihu ya tashi yarinya," in ji Goggo. "Na naɗe shi na sa a kicin."

"Yaushe ya yi ihun?"

"Da na sa turare."

Motar aiki tana jira a bakin titi tana ta hon. Na ɗauko na'urar na mayar bango, na ce don Allah a bar ta. Goggo ta ce to. Irin "to" ɗin da manya ke ce wa yaro.

Ranar muna aiki a wani gidan hutu can bayan gari. Wajen azahar na kira matata. Ta daɗe ba ta ɗauka ba. Da ta ɗauka, muryarta ta zo a hankali kamar ta wanda aka tasa daga barci.

"Kaina ne yake sarawa. Na yi amai."

"Wutar tana ci?"

"Goggo ta gaji da ita. Ta sa an sayo gawayi a shago. Yarinyar nan yau ba ta da rigima, tun safe take barci, ko nono ba ta…"

"Buɗe ƙofa! Ki ɗauke ta ku fita tsakar gida, yanzu!"

"Goggo ta ce jirin jego ne. Bari in ɗan kwanta."

Na kira lambar Goggo, ba a ɗauka ba. Na kira maƙwabcinmu, yana wurin aiki, ya ce zai kira matarsa, ita kuma ta tafi kai yara asibiti. Badamagare bai tambaye ni komai ba, ya karɓi makullin motar kamfani daga hannun shugaban aikinmu, yana ce masa da Larabci gida, gida, matsala. Ban san yadda muka ratsa cunkoson hanyar ba. Na san dai ina ta kiran wayar tana ringin, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, rabi ban ƙarasa ba in kama wata.

Ban yi sallama ba. Na banke ƙofar, zanin da aka toshe ƙasanta ya naɗe. Zafi ya buge ni, da ƙamshin turare mai daɗi, wannan ƙamshin har yau ba na son sa. An kwashe gumaguman yumɓun an jingine su a gefe. A cikin murhun, ƙarƙashin bututun da aka toshe da siminti, ga kasko cike da garwashi jajawur, ga wani a gefen katifa. A idon Goggo murhu murhu ne, wurin wuta. Ba wanda ya taɓa gaya mata saman a rufe yake, ni ma ban taɓa kawo zancen ba, don ban zaci za a kai nan ba.

Matata na kwance, ido a buɗe amma ba ta iya tashi ba. Goggo na zaune ta jingina da bango, carbi a hannu, kanta ya langaɓe. Na sunkuci jaririyar na miƙa wa Badamagare a waje. Na fizge tsumman taga, na tura ta har gilashin ya tsage. Na ɗauki kasaken biyu da hannuna, ban ji ƙunar ba sai daga baya, na watsar a tsakar gida.

Goggo ta ɗago da ƙyar ta ce, "Rufe… za ka kashe ta da sanyi."

A nan na yi abin da ban taɓa zaton zan yi ba. Na daka mata tsawa. Na ce, "Ke ce za ki kashe su! Ki tashi ki fita!" A gaban 'yarta, a gaban baƙo, da muryar da ko ƙanena ban taɓa yi wa ba.

A asibiti aka sa musu abin shaƙar iska su uku. Jaririyar ce ta fi ba mu tsoro. Ina tsaye a baranda hannuwana naɗe da bandeji lokacin da na ji kukanta, siriri, mai haushi. Na zauna a ƙasa. Likitan ya ce Allah Ya sa an zo da wuri, bai ƙara komai ba, ni ma ban nemi ƙari ba.

Na zaci daga nan komai zai daidaita. A littafi, nan ne ake rungumar juna a yafe wa kowa. Da aka sallame su na je har Al-Shumaisi na durƙusa a gaban Goggo na ba ta haƙuri. Ta karɓa. Ta ce, "Ka ceci 'yata da jikata, da ni kaina. Allah Ya saka. Amma ba zan ƙara kwana a gidan da aka ɗaga mini murya ba. Kuma ban iya jego babu wuta ba, ban san wani ba."

Babu mai zaman jego kenan, ni kuma ina fita tun safe. Labari ya kai gida. Mahaifiyar matata ba ta yi faɗa ba, ta ce kawai a kawo mata 'yarta ta ƙarasa wanka a inda ɗaki ke da kafar iska ta ko'ina, inda kuma aka san kan abin. Wannan karon ban da kalmomin da zan faɗa. Na nemo su, na ga duk na littafi ne.

Sai da takardun jaririyar suka fito suka tafi. Kafin nan ni nake dafa ruwan wankan da asuba, matar maƙwabci na taimaka mata da rana. Wutar gas ɗin na mayar da gumagumanta kowanne kan ƙusarsa, na sake gwada mahaɗan da sabulu, muna kunna ta kaɗan da yamma, taga da kafarta, mu kashe kafin a kwanta a ƙurya cikin barguna. Matata ba ta ƙara jingina da ni a gabanta ba. Takan zauna nesa, yarinyar a ƙirjinta, tana sa yatsa a ƙarƙashin hancinta lokaci lokaci.

A filin jirgi ta ce, "Kada ka sa a ranka, Malam. In zafi ya shigo sai mu dawo."

Zafi ya shigo, ya wuce. Ta ce yarinya ta yi ƙanƙanta da tafiya. Wani sanyin ya zo, ta ce a bari ya fita. Ban matsa ba. Na gane duk lokacin da aka ambaci Riyadh, wannan falon take gani, ni ma kuma shi nake gani. Ni na riƙa zuwa hutu, har na tattara na koma gaba ɗaya bayan wasu shekaru.

Sauran zamana a Ulaisha ni kaɗai na yi shi. Badamagare kan zo da yamma mu sha shayi a gaban murhun, ya miƙe ƙafa ya ce, "Gimbiyar taka ta zama gardi, Bakano." In yi dariya don kada ya ji kunya. Gilashin da na tsaga ban canza shi ba, na dai liƙe shi da salatif. Iska na shigowa ta gefensa, ta bugi bayan wuyana, gabana kuma na shan ɗumi.